Bencin da Yaya Bitrus Ya Bari

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Bitrus, kuma bana ce na fara gode wa Allah da bai kai shi ganin wani abu ba.

Shi ne shugaban matasa a ƙaramar majami'armu ta Talata Mafara. Ba shi da muryar waƙa, wa'azinsa kuwa har ni ƙanwarsa yakan sa ni gyangyaɗi. Amma yana da wata ɗabi'a. A wurinmu, wanda aka sa a horo saboda laifi bencin baya yake zama, shi kaɗai, har dattawa su karɓe shi. To Yaya sai ya ɗauki littafin waƙarsa ya je ya zauna kusa da yaron. Dattawa sun yi faɗa har sun gaji. Iyayen da 'ya'ya suka gajiyar, daga Bakura har Maradun, babu wanda bai san ƙarar babur ɗinsa ba. Maganarsa ɗaya ce: "Ku bari in riƙa muku shi wannan mako, ku huta."

Cikin yaran da ya zauna da su akwai Markus, wanda yau dattijo ne a ikilisiya.

Bana aka kama Ishaya, ɗan Yaya tilo, da ƙwaya. Ban ce bai yi laifi ba. Markus ne ya sanar da horon, muryarsa ko rawa ba ta yi. Yaron ya koma bencin baya. Na waiwaya in ga wa zai bi shi. Majami'a cike da magidantan da Yaya ya taya zaman bencin nan, kowa ya kafa ido a littafinsa. Ni na tashi daga ɓangaren mata, da ciwon gwiwata, na je.

Da aka tashi na tare Markus. Ya ce, "Inna, mi kike so in yi? Yanzu ni dattijo na, ido na bisa gare ni."

An ci amanar Yaya, kuma har yau abin yana mini ciwo. Da yana nan, na san ba zai tsaya jin haushi kamar ni ba, wurin yaron zai nufa.

Ishaya ya rantse ba zai sake taka majami'a ba. Uwarsa ta ce ko addu'a ta gaji da yi. Na ce ta huta, zan riƙa mata shi. Ku ma iyaye da masu hidimar matasa, gajiya ba zunubi ba ce, amma kada ku bar bencin nan babu kowa. Abin da ya rage mana na Yaya ke nan.

Na ci gaba da zama can ni kaɗai, ana kallona. Lahadin da ta wuce, ana tsakiyar wa'azi, Ishaya ya shigo ya zauna gefena. Ya raɗa mini, "Gwaggo, ke kuma mi kinka yi?"

Na ce, "Ni ƙanwar ubanka ta." Na matsa masa.