Ƙadangaruwa Ta Kasa Shiga Silin

Ƙadangaruwa ake ce mata, kuma ko a jikinta, ita da kanta ta sa aka rubuta sunan a jakar kayan aikinta. Tun tana 'yar mitsitsiya take bin ƙanin babanta mai haɗa intanet a ofisoshi, yana jan waya tana haska masa tocila. Da tumbi ya hana shi shiga ƙofar silin, sai ya koma cusa ta. Can ta koyi aikin, cikin ƙura da kashin ɓera: wannan wayar daga rauta, na'urar da ke kawo intanet, ta fito, waccan ofishin wane ta nufa. Boko kam ba ta yi nisa ba, amma in layi ya mutu a gini, sai ta ɗaga kai ta ce nan ne, kuma nan ɗin ne.

Ta auri wani mai aski, mutumin kirki, illarsa ɗaya: ba ya bari a gama magana. Kana cewa "a ɗan rage min..." zai ce "na gane, na gane," kafin ka ankara ya yi maka ƙwal.

Babban wurin aikinta wani otal ne, ita ke kula da intanet ɗinsu kaf. To ranar da abin ya faru cikinta ya tsufa, tafiya ma sai ta dafa ƙugu. Intanet ɗin hawan sama ya ɗauke, baƙi na ta masifa. Ta duba ta gane ɓera ne ya ci kan waya a bakin akwatin da ke raba layi, shi kuwa akwatin yana can cikin silin. Ta hau tsani, kai ya shiga, kafaɗa ta shiga, ciki ya ce bai san zancen ba.

Manajan otal yana ƙasa yana juya waya a hannu. "Hajiya, ba wulaƙanci ba, akwai wani kamfani da ya daɗe yana min naci. In ba a gyara yau ba su zan kira, kuma in suka shigo ba sa fita."

Ta sauko tana haki, ta kira mijinta. "Malam, ajiye almakashin nan ka zo."

Aikin ba wani abu ba ne: a yanke inda ɓera ya ci, a jera siraran wayoyi takwas na ciki, kowane launi a gurbinsa, a zura su a sabon kai, a matse da filaya. Kai biyu ne kacal suka rage a jakarta. Da mijin ya iso ya hau yana salati, ta kira shi ta bidiyo don ta riƙa gani.

"Ka fara da fari mai ratsin lemu, sai lemu, sai fari mai..." Hoton ya daskare, muryarta ta yanke.

"Na gane, na gane!" Sai ji ta yi ƙas, ya matse.

Ta jona abin gwaji, fitilu suka kama a birkice. Kai ɗaya ya tafi a banza. Manaja ya fara neman lamba a wayarsa.

Ta kashe bidiyon, ta tsaya a gindin tsani ta ɗaga murya. "Malam, saurara, kuma kar ka ce min ka gane. Kiran bidiyo wurgo magana kawai yake, abin da ya faɗi a hanya ya faɗi, ba ruwansa. Amma in kwamfuta za ta aika abin da ba ta so ya lalace, yanka shi take gunduwa-gunduwa, ta sa wa kowace lamba, ta tura, ta jira a ce an karɓa. In ta ji shiru ta sake turawa. Yau kai ne kwamfutar."

"Ni da girmana, Injiniya?"

"Da girman naka. Kana ji na?"

"Ina jin ki. Ke kina ji na?"

"Ina jin ka. Ka ga har gaisuwar tasu ka iya, haka suke yi kafin su fara. Na ɗaya, fari mai ratsin lemu."

"Na ɗaya, fari mai ratsin lemu, na karɓa."

Haka suka yi ta yi, masu shara suka ajiye tsintsiya suna kallo. Da aka zo na huɗu ta ce shuɗi, shiru. Ta sake cewa shuɗi, shiru.

"Malam! Na huɗu, shuɗi!"

Can murya ta fito ƙasa-ƙasa. "Na karɓa. Amma mai gidan yana nan, ɓeran da kansa, ya zuba min ido, gashin bakinsa ya fi nawa."

"Ka yi masa aski in mun gama. Na biyar!"

Masu shara suka kwashe da dariya, har manaja sai da ya dara. Da suka kai na takwas ta hana shi matsewa, sai da ya karanto mata su tun daga farko, ya yi tuntuɓe a na shida ta sa ya maimaita. Sannan ta ce bismillah.

Ƙas.

Fitilun gwaji suka bi layi ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tsallake. Mijin ya mayar da wayar cikin akwati, daga sama wani baƙo ya ƙwalla, "Ya dawo!"

Manaja ya zura wayarsa a aljihu. "Shi ke nan Hajiya, aikinki na nan. Allah ya sauke ki lafiya."

Mai aski ya sauko fari fat da ƙura, yanar gizo har a kunne, yana wani buɗe kafaɗa yana gaya wa masu shara ai dama shi tun yana yaro yake da kan injiniya. Ita kuwa ta samu kujera ta baje, tana tattara kaya a jaka. Ta laluba, ta sake lalubawa.

"Malam, ina filayata?"

Ya shafa aljihu. Ya ɗaga kai a hankali ya kalli ƙofar silin.

"Injiniya, don Allah, ba a sayar da wata a kasuwa?"

Ta nuna masa tsani da baki.