Muryar da Ake Gogewa

Bayan na gama bautar ƙasa aikin gwamnati bai samu ba, sai na liƙe wa wani situdiyon waƙa a unguwar Galtimari. Na ce wa kaina na ɗan lokaci ne. Har yanzu haka nake cewa, ko da yake ban tabbata ina yarda da kaina ba.

Aikina rubuta waƙa. Amma a gidan namu rubutu kaɗai ba ya isa, domin yawancin mawaƙan ba sa son karatu daga takarda. Sai in shiga ɗan ɗakin ɗaukar murya, wanda aka liƙe bangonsa da soson katifa, in rera waƙar tun daga farko har ƙarshe. Mawaƙi ya zo ya sa abin ji a kunne, yana bin muryata baiti bayan baiti. Idan ya gama, a goge tawa. Muryar jagora muke ce mata.

A wannan ɗakin na koyi kusan duk abin da na sani. Masu bege suka koya mini riƙe ƙafiya, da yadda ake barin amshi ya huta kafin a ɗora. Matan zumunta na wata majami'a, mutanen kudancin Borno, suka zo da tulunsu na kiɗa, shugabarsu ta dubi baitina ta ce, “Ɗana, wannan ya yi tsawo, mu da rawa muke yi, numfashi zai ƙare.” Daga ranar na fara auna layi da numfashi. Samari masu gambarar zamani kuwa so suke a cusa kalmomi har su yi karo da juna. Na yi waƙar biki a kan ganga irin tamu ta Barebari, na yi ta soyayya, na yi ta wanke hannu da sabulu. Ina jin na ƙware, ko dai in ce na iya shiga rigar kowa.

Sau ɗaya na rubuta wadda ba wanda ya sa ni. A kan gonar mahaifina ce da ke wajen ƙauyen Dusuman, wadda ya daina zuwa tun lokacin da fita bayan gari ta zama abin tsoro, daga baya kuma ciwon ƙafa ya hana shi. Ban sa kirari ba, ban sa habaici ba. Gero ne kawai, da tsamiyar da ke bakin iyaka, da yadda yake tsayawa ya dubi gabas kafin ya ce za a yi ruwa. Burina shi ne ya ji ta da muryata. Bai taɓa jin ina waƙa ba, ce masa nake ina aikin kwamfuta, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya.

Na roƙi maigidana, wani Bakano mai fara'a, ya ɗora mini kiɗa mara nauyi. Ya saurara har ƙarshe bai taɓa wayarsa ba.

“Ɗan boko, ashe kana da ciki haka? Wannan ai ta mutumina ce.” Yana nufin mawaƙin da ya fi kawo mana aiki.

Na ce, “Maigida, da ma ina tunanin, in ba damuwa, ko za a bar wannan yadda take.”

“Yadda take? Jagora ce fa. Kai kanka ka san muryarka, kamar mai ba da haƙuri a ofishin 'yan sanda.”

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ba da mugunta ya faɗa ba, kuma wataƙila yana da gaskiya. Na shirya maganganu da yawa a raina, amma kowacce na ɗauko sai in ga inda za ta ɓata masa rai, in mayar.

Mawaƙin ya zo da ƙamshin turarensa, ya ce, “Malam, yau me ka dafa mana?” Ya shiga ɗakin. Ta gilashi nake kallonsa yana bina. Gwani ne, ban isa in hana shi wannan ba. Har wurin da muryata ta ɗan karye a kan tsamiyar ya kwaikwaya, ya ɗauka salo ne. Maigida ya ce wurin ya fi ko'ina daɗi, sannan ya goge layina kamar kullum.

Waƙar ta zaga gari. Wata ranar Juma'a na tarar da mahaifina a kan tabarma, ƙanwata ta kunna masa ita a waya. Ya sa ta maimaita. Ya ce da ni cikin Barbarci, “Wannan yaron ya san gona. Ɗan wane ne?”

Na yi ta juya amsar, daga ƙarshe na ce, “Baba, ni na rubuta. Gonarka ce.”

Ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, ba kuma murna da zan iya rantsewa a kai.

“To me ya sa wani yake faɗa?”

Na ce haka tsarin aikin yake. Ya gyaɗa kai, ya ce wa ƙanwata ta sake kunnawa, ya kuma gyara zama don ya ji yaron da kyau.