Lambar da Inna Ba Ta Iya Riƙewa

A unguwarmu a Anka sabis ɗin waya ba ya shiga ɗaki. Tun da aka taɓa yanke shi baki ɗaya saboda 'yan bindiga, da aka maido shi sai ya dawo da rowa. Mai son magana sai ya je bakin tasha ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ni kuwa aikina a asibiti shi ne haɗa bayanan marasa lafiya, aikin da na fara tun lokacin gubar dalma, kuma dole in tura su duk ƙarshen mako. Da na gaji da tsayuwa a rana cikin 'yan kabu-kabu, sai na sayi rauta, na'urar raba intanet, aka sa mata layi mai rajista da sunana, aka kafa mata eriya a kan dogon ƙarfe bisa rufin ɗakin Inna, mahaifiyata. Sabis ya sauko tsakar gidanmu har gindin murhu.

Mutumin da ya haɗa ta ya tambaye ni lambar sirrin da nake so. Na ce ya sa mai sauƙi, kaina ya cika da lambobin asibiti. Ya sa ɗaya zuwa takwas.

Maigidana yana koyarwa a Gummi, sai ƙarshen wata yake leƙo mu, don haka ni da 'ya'yana mata biyu muna zaune wurin Inna. Inna ba ta yi boko ba, amma ko ɗan yaye ya iya ƙirga ɗaya zuwa takwas. Ta ɗauki lambar nan kamar garwashi: duk wadda ta shigo nema a ɗebar mata. Na ji ta da kunnena tana karanta wa wata mai tallan fura ta kan katanga, da alfahari, kamar ita ta ƙirƙiro lissafi. A lokacin dariya na yi. Data tana ƙarewa da wuri, in yi ta mita, Inna ta ce rowa ba gadon gidanmu ba ce, maganar ta wuce.

Dariyar ta tsaya ne ranar wata kasuwa, da 'yan sa-kai suka ɗauki wani mai burodi da rana tsaka. An ce an ga lambar mutanen daji a wayarsa, an ce infoma ne. Wasu sun ce ƙaninsa ne aka sace yake kiran su. Ba wanda ya tsaya tantancewa, kuma mutumin bai dawo ba. Daga ranar kowa ya fara goge wayarsa kamar mai wankin kwano.

Akwai abokin aikina mai kula da kwamfutocin asibiti, wani Kirista baƙo da ya daɗe a garin har ya fi ni sanin lungunansa. Na ba shi labarin Inna da lambarta don mu yi raha, sai na ga bai ko murmusa ba. Ya karɓi wayata ya nuna mini yadda ake shiga shafin rautar a ga wayoyin da ke hawa kanta.

"Malama, layin nan da sunanki yake, kuma ƙarfen a kan gidanku yake," in ji shi. "In wani ya zauna a gindin katangarku ya yi magana da daji, ba shi za a fara nema ba. Ki je gida ki ƙirga su."

Na ƙirga. Wayoyi goma sha ɗaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na gano masu guda goma: tawa, ta Inna, ta matan maƙwabta masu sauraren wa'azi da kallon ɗinkuna. Ta sha ɗayan ba ta da suna, kuma ba ta daɗewa. Takan hau da hantsi, ta ɗan jima, ta sauka. Kwana uku ina kai abinci baki ba na jin ɗanɗanonsa. Duk namijin da ya rage tafiya a ƙofar gidanmu sai gabana ya faɗi.

Ranar Asabar ba na zuwa aiki. Na zauna a ɗaki da shafin a buɗe, ina jiran in ga wane ɗan iska ne zai jingina da katangarmu. Da hantsi wayar ta hau. Na leƙa waje ta taga, ba kowa sai awaki. Na juyo na dubi tsakar gida. Inna tana ɓarar gyaɗa a inuwar madafa, kusa da ita Gwaggo ta sunkuyar da kai, hannunta cikin hijabi, bakinta yana motsi.

Gwaggo ba 'yar'uwarmu ta jini ba ce. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma ƙawar Inna ce tun kafin a haife ni. Ita ta yi mini wankan jego duka haihuwata biyu, ta sha zagina lokacin da ruwan ya yi zafi. Mijinta ya rasu, autanta kuma ya tafi haƙar zinare can gaba da Bagega shekara biyu da suka wuce. Ramukan nan yanzu suna hannun 'yan bindiga, kuma daga gari ba mai iya rantsewa wa ke haƙa da son ransa, wa ke haƙa da bindiga a ƙeya. Wasu sun ce sun gan shi rataye da makami. Wasu sun ce ƙarya ce, buhun ƙasa yake ɗauka.

Na matso bakin ƙofa a hankali, na ji abin da take faɗa wa wayar.

"Ɗan nan, ni ta. Yau kwana tara ban ji ka ba. In kana da rai ka yi magana, ko tari na ka yi in ji."

Da ɗan iskan da nake jira na kama, da na san abin yi. Na koma na zauna a bakin gado.

Sai da Gwaggo ta tafi na fito, kuma ban fito da ladabi ba.

"Inna, kin san da wa Gwaggo ka magana?"

"Da ɗanta," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

"Kin san inda shike?"

"Na san inda anka haihe shi. Ɗakin can na, ni nar riƙa ta."

"Inna, mai burodi hwa? Kin manta? In anka zo, ni za a ɗauka. Ɗiyan ga wa za ki ce musu ya kai uwassu?"

Ta ajiye gyaɗar ta dube ni. "To mi kike so ta yi? Ta tahi tasha ta tsaya gaban mutane tana kiran daji? Nan ko ba komi akwai katanga. Uwa ta, ba infoma ba."

"Su ba su tambaya, Inna."

"Ke dai kin ci boko ya cinye miki kunya," ta ce, ta ci gaba da ɓararta.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san tana da gaskiya, ni ma kuma ina da ita. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni duka biyun a tsakar gida ɗaya suka same ni. Na kwana biyu ina buɗe shafin ina rufewa, na kasa taɓa komai.

Ranar Talata na dawo daga aiki bayan azahar, na tarar da babur a ƙofar gida da 'yan sa-kai biyu, kansu a sama suna kallon ƙarfen. Ɗaya dattijo ne da layu a damtse, ɗayan kuwa na san shi, ni na rubuta bayanansa ranar da aka ɗinke masa ƙafa a asibiti. Na gaishe su.

"Malama, ƙarhen ga na mi ne?" in ji dattijon.

Na ce na aikin asibiti ne, da shi nake tura bayanai.

"Wa da wa ka amfani da shi?"

"Ni da mutanen gida," na ce. Ƙaryar ta fito da sauri har ta ba ni tsoro.

Wanda na sani ya ciro wayarsa yana latse-latse. Ina kallon babban yatsansa. Ya danna sau takwas, a jere, bai ko tsaya tunani ba. Sai ya yi dariya ya juyo mini da fuskar wayar. Ya hau.

"Malama, ƙohwarki buɗe take," ya ce, cikin fara'a, kamar mai ba ni labarin akuyata ta kwance. "Ki ruhe ta. Mu mun san ki. Amma in wani yay yi magana da mutanen can ta nan, wanda za a aiko ba lalle ya san ki ba."

Suka hau babur suka tafi. Na shiga zaure na jingina da bango, na daɗe kafin in iya ɗaga labulen cikin gida. Ƙaramar 'yata ta rugo ta rungume ƙafata tana nuna mini haƙorinta da ya fita.

Ban ci abinci ba, ban cire hijabi ba. Na shiga ɗaki na yi yadda abokin aikina ya koya mini. Ya ce kada in sa sunan 'ya, ko shekarar haihuwa, ko lambar waya, ko wani abu da mai sanina zai iya cinka. Na haɗa haruffa manya da ƙanana, da lambobi, da alamomin da ban ma san sunansu ba, har guda goma sha shida, abin da ba ya karantuwa a kowane harshe. Na canza lambar shiga shafin rautar kanta, wadda tun daga kanti take yadda take. Na ɓoye sunan sabis ɗin yadda mai wucewa ba zai gan shi a wayarsa ba. Gaskiyar magana, ba ɓarawon data nake auna ƙarfin lambar da shi ba. Da Inna nake aunawa. Ina son abin da ko na karanta mata sau goma ba za ta iya ɗauka ta kai bakin katanga ba.

Da na danna, wayoyin suka zube daga shafin gaba ɗaya. Na mayar da tawa. Na ɗauki ta Inna daga kan tabarma na sa mata da hannuna, don tana jin muryar jikokinta na Bukkuyum da ita. Takardar da na rubuta lambar na ninke ta na kai asibiti washegari, na kulle a durowa.

Matan maƙwabta sun zo ɗaya bayan ɗaya, na ce musu asibiti ne ya hana. Suka yi 'yan gunaguni suka haƙura. Gwaggo ba ta zo lokacin da nake gida ba sai ranar Asabar.

Ta shigo da sallama da hantsi, ta zauna inda ta saba. Ina wanki a bakin rijiya, na ba ta baya, amma ina jin duk motsinta. Ta daɗe tana latsa wayarta. Can ta taso ta zo inda nake, ta miƙo mini wayar da hannu biyu, tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi.

"Ɗiyata, duba mani. Tun Laraba nika aika mai, ban sani ba ko ya ji. Ni ban gane alamun ga."

Na goge hannuna na karɓa. Saƙonnin murya huɗu ne a jere, ko ɗaya bai fita daga wayar ba. Kwana huɗu tana zuwa tana zama kusa da Inna tana magana da ɗanta, maganar tana nan a tafin hannunta. Inna ba ta gaya mata ba, ta bar mini kayana in ɗauka.

Na iya cewa rautar ce ta lalace. Na iya cewa asibiti ne. Amma matar nan ta ga tsiraicina, ta gasa mini jiki, ban iya yi mata ƙaryar da na yi wa sauran ba.

"Gwaggo, ba su tahi ba. Ni nac canza lambar. 'Yan sa-kai sun zo ƙohwar gida ran Talata."

Ta dubi wayar. Na jira ta yi kuka ko ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

"Kin yi daidai," ta ce. "Kina da ɗiya ƙanana. Da ni ta, da na daɗe da ruhewa." Ta karɓi wayar ta ƙulle ta a haɓar zane. "To ina ne sabis ka kamawa yanzu cikin gari?"

Na san amsar, ita ma ta sani. Bakin tasha ne, gindin bishiyar da 'yan sa-kai suke ajiye baburansu.

"Gwaggo, kar ki je can."

"Kwana goma sha shida ke nan, ɗiyata," ta ce. Ta gyara hijabinta, ta yi wa Inna sai an jima, ta fita.

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, kunya da baƙin ciki sun cika ni, kuma duk da haka can ƙasan zuciyata akwai wani sanyi na cewa 'ya'yana sun tsira. Wannan sanyin shi ya fi komai ƙona ni.

Inna ta tashi daga inuwar madafa, ta shiga ɗakinta, ta fito da wayarta. Ta zo ta ajiye ta a bakin rijiya kusa da sabuluna.

"Hidda tawa ita ma," ta ce.

"Inna, taki ba ta da laihi. Jikokinki hwa?"

"Hidda ta. Ban iya zama nan ina jin muryar nawa."

Ta ɗauki mayafinta da takalmanta, ta bi bayan Gwaggo zuwa tasha.