Zoben da ya maƙale a katangar gareji

Shekarar da sojoji suka koma bariki na gama sakandare, ina zaune a gidanmu a Goron Dutse ina jiran sakamako. Aikina ɗaya ne, kai wa Baba abincin rana garejin da tsohuwar gingimarinsa take kwance.

Motar ta girme ni. Ciwonta a lokacin wani fuli ne a gaban inji: ƙarfe a ciki, zoben ƙarfe a waje, roba a tsakani tana shanye jijjiga. Robar ce ta bushe ta tsattsage. Ga shi Baba ya karɓi lodin gyaɗa zuwa kudu, kuma shi zai ja da kansa.

Mai garejin, abokin Baba da muke ce wa Kawu, ya ce a sa sabon samfuri, wanda aka zuba wa mai a ciki maimakon roba. Yayana kuwa bai daɗe da koyon walda ba, komai ya gani sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya liƙe zoben da ƙarfen ciki, har da shafa fenti.

"Kai yaro, robar nan ba don ado aka sa ta ba," in ji Kawu.

"Kawu, mulkin farar hula ake, kowa da ra'ayinsa."

Baba ya yi dariya, ya goyi bayan ɗansa.

Ranar gwaji na iso da kwanon shinkafa da wake a ka, an buɗe inji ta kowane gefe.

"'Yar boko, matso ki ga abin da ba a koyarwa a aji," in ji Yaya.

Na matso. Baba ya tayar, ya taka totur. Motar ta hau rawa, sai na ji ƙara, wata iska ta wuce ta saman kaina. Na ɗaga hannu, babu kwano. Zoben nan ya nutse a katangar ƙasa da ke bayana, wake ko'ina.

Kajin maƙwabta ne suka fara motsi. Ni dariya ma na soma. Baba ya diro ba takalmi, ya kama kaina yana jujjuyawa kamar mai zaɓen kankana.

"Baba, kada ka tafi da motar nan." Abin da bakina ya iya ke nan, na yi ta maimaitawa.

Bai tafi ba. Ya bar wa wani lodin, ya ce da Kawu, "Malam, sa mana naka." Da aka ɗaura sabon, Yaya ya zo har ɗaki kirana in ji yadda injin ya natsu. Na ce ina ji daga nan.

Har yanzu in aka tayar da injin markaɗe a layinmu sai na dafe kai, 'yan gidanmu suna ta tsokanata. Zoben yana nan a katanga, Baba ya hana a cire. Kawu a jikin zoben yake rataye hularsa in zai yi alwala.