Biko da Kyauro

Shekarar da jam'iyyu suka yi yawa a ƙasar nan ina koyar da tarihi a wata kwaleji a Maraɗi, ko kuma in ce da sunan koyarwa, don makaranta a rufe take, muna yajin aiki. Ba aji, ba alli, sai zaman fada, wato majalisar abokai, a Sabon Gari da shayi da gardamar siyasa. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, abu kaɗan ke tunzura ni. Wata rana na dawo gida na tarar da zanen wata jam'iyya, wadda ba tawa ba, a shanye kan igiyar matata. Yayarta ce ta ba ta, ita launin kawai ya burge ta. Na fizge shi na yaga biyu a gaban matan maƙwabta. Ta tsince ƙyallen biyu ta shige ɗaki. Washegari ta goya 'yarmu ta tafi gidansu a Tibiri. Ni ina yajin aiki, ita ta yi nata yajin.

Na tura kawuna biko kamar yadda aka saba. Ya dawo da magana ɗaya: surukina ya ce in zo da ƙafata.

Surukin nan nawa tsohon maharbi ne, siriri, mara yawan magana. Kakansa yana cikin 'yan bakan Gobir da suka tsare garin a zamanin yaƙe-yaƙe. Na same shi da hantsi a gindin darnin gidansa, wato dangar kara, kaskon garwashi a gabansa, da damin kyauro, wato siraran karan da ake yin jikin kibiya da su. Na tuɓe takalmi na tsuguna, bakina cike da ban haƙurin da na haddace a kan babur. Bai bari na fara ba, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman boko a wajenmu.

"Mushe, an ce kana koya ma yara labarin yaƙi. Ka taɓa riƙa kibiya?"

Na ce a'a, kunya ta rufe ni. Ya zaro ɗaya daga kwari ya miƙo min. Kara ne kawai da kan ƙarfe mai kunnuwa, an naɗe da jijiya. Da na yi shiru da na huta, amma mai hali ba ya fasa halinsa.

"Baba, ai a littattafai kibiyoyin Turawa da na mutanen gabas duk da gashin tsuntsu a gindi. Shi ke daidaita su a iska."

"Na ji labari," in ji shi. "Su a bisa suka gyaran tasu. Tamu in ta tashi babu mai gyara ta, sai abin da ta bar hannu da shi."

Ya ba ni wani busasshen duma ya ce in mirgina shi kan gangaren da ke bayan gida, da iyakar ƙarfina. Na mirgina. Duman yana gudu yana tsalle, tsohon yana durƙushe a gwiwa ɗaya, ban ma ga lokacin da ya ɗana kibiyar ba. Ƙarar tsirkiya kawai na ji, sai ga duma ya yi gefe da kibiya a cikinsa. Na sha karanta wa yara yadda mahaya dawaki ke shakkar 'yan baka, ina karantawa ne kawai. Ranar ce na yarda da abin da nake koyarwa. Na ji girman mutumin nan ya cika min ido.

"Ka tahi Jiratawa, bakin gulbi, ka yanko kyauro. Guda ɗai nika so, miƙaƙƙe. In ka kawo, sai mu yi maganar da ta kawo ka."

Na ce a raina wannan ai aikin yini ɗaya ne. Na yanko dami guda, na hura wuta a tsakar gidana, na ƙone uku na karya biyar kafin la'asar. Kyauro ba ya son gaggawa. Sai ka shafa masa ɗan mai, ka ɗumama gaɓar da ta karkace ba tare da wuta ta lashe ta ba, ka lanƙwasa a hankali, ka riƙe har ya huce. Ka ajiye, gobe ka tarar ya koma rabin halinsa, ka sake. Abokaina na fada suka samu abin yi. Da na iso sai a ce a buɗe hanya ga sarkin baka, wani ya ce a sa ni gaba ranar mitin, wato taron jam'iyya.

Ran Juma'a na kai wanda na fi yarda da shi. Tsohon bai ko duba ba. Ya ce, "Na nesa ina gani, na kusa ne ya gagare ni yanzu. Akwai mai duba mani tun tana ƙarama." Ya zura kyauron ta wata kafa a jikin darni. Hannu ya fito ya karɓa, hannu mai lalle, da zoben azurfar da na sani sarai. Ban gama haɗiye yawu ba aka turo shi waje. Tsohon ya ajiye shi gefe ya ce Allah ya kai mu wata Juma'ar.

Haka aka yi sau uku. A na ukun na ji muryar 'yata a bayan darni tana wa kaji surutu, taku huɗu tsakaninmu, ba halin in shiga. A hanyar komawa na tsayar da babur na yi ta zagin kyauro da wanda ya fara yin kibiya, na rantse ba zan sake zuwa ba. Da na shiga gida na ga igiyar shanya ba komai a kanta, sai na hura garwashi. Ina kewar matata, kuma na san ni na jawo.

Zaman da nake yi da tsohon bai tafi a banza ba. Ya nuna min yadda ake jan tsirkiya, ni ina ta fama, shi kuwa kamar yana buɗe ƙofa. Ya ba ni labarin yadda iyayensa ke koya wa 'ya'yansu harbi da kibiyar da ba kai, shekara da shekaru, kafin a yarda su kusanci dafi. Ina nan zaune wata rana samarin wata jam'iyya suka zo roƙonsa ya rataya kwari da baka ya shiga gaban jerin gwanonsu. Ya saurare su har suka gama.

"Baka ba kayan ado ba ne. Inda mutane suka hushi ba a kai shi."

Kyauro na huɗu kwana goma sha biyu na yi ina binsa. Na daina zuwa fada. Da na kai, tsohon ya zura, hannun ya karɓa. Muka zauna. Ya gyara garwashi, ya yi zancen farashin gero, ni kuwa idona na kan kafar darni, ba abin da ya fito.

Sai ga matata ta fito ta ƙofa, 'yarmu a bayanta, ƙullin kayanta a ka. Tana ɗaure da zanen nan, an haɗe shi da ɗinkin hannu daga sama har ƙasa, da baƙin zare don kowa ya gani. Ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta kyauron, ba ta dube ni ba.

"Baba, da ɗan saura wajen gindi. Amma kibiyar za ta tashi."

"To, a ɗaura mata kai," in ji tsohon.

Hanyar gidanmu ta gaban fada take bi, kuma a cike take da 'yan jam'iyyarmu a lokacin. Akwai wani lungu da ke zagayewa ta baya. Da muka iso bakinsa na ji ta gyara zama a bayan babur, zanen nan a jikinta, tana jira ta ga inda zan karya kai. Na miƙe hanya, na rage gudu daidai tabarmarsu, na yi musu sallama da ƙarfi.