Ranar da Adda Rabi ta ƙi sa mini hannu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Adda Rabi. Yayata ce, ciki ɗaya, kuma ita ta koya mini aikin da nake ci da shi yau. Nas ce. Da aka kawo gwajin wani maganin zazzaɓin yara asibitin da take aiki, ita aka ɗora wa horar da ma'aikatan binciken. Ba mai taɓa majinyaci sai ta sa hannu cewa ya ƙware.

Mu takwas muka shiga horon. Na ɗauka tawa ta yi kyau, tunda gida ɗaya muke fitowa a unguwar Shamaki, keke ɗaya muke hawa. Muka koyi auna magani da adana jini da cika fom, kuma a rubuce na fi kowa maki.

Ya rage jarrabawar ƙarshe, wato neman yardar iyaye a gabanta kafin a sa yaransu a gwajin. Aka turo mini wata Bafulatana da 'yarta a goye. Na karanta mata takardar da Hausa a gurguje tana gyaɗa kai, na kama yatsanta ta dangwala. Adda ta matso ta tambaye ta da Fulatanci ko ta san tana da ikon ƙi, kuma ko ta ƙi za a duba 'yarta. Matar ta ce ita allurar rigakafi ta zata. Da aka warware mata komai, ta ce sai ta shawarci mijinta. Ba ta dawo ba.

Bakwai suka karɓi takardar shaida, ban da ni. Muka yi sati biyu gaisuwa kawai ke haɗa ni da Adda. Da Inna ta sa baki ta ce ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Adda ta ce, "Inna, in na sa wa Zainabu hannu yau, gobe yatsan wa za ta kama?" Sai bayan wata uku na sake zama jarrabawar, na ci, bayan na zauna na gyara Fulatancina.

Yanzu ni ke horar da wasu. Yaran yau a waya suke kwas ɗin, cikin yini guda su gama, su je shago a unguwar Bolari a buga musu satifiket mai kala. Nakan tambayi kaina me Adda za ta ce. Na san za ta so na'urar da muke shigar da bayanai, don ba ta barin mutum ya tsallake gurbi, ita kuwa ba abin da ta tsana kamar fom mai giɓi. Satifiket ɗin dai za ta karɓa ta ajiye, ta ce a kira majinyaci, gani ya kori ji.

Sunanta bai fito a rahoton binciken ba, na likitoci ne a sama. Ba ta bar gida ko fili ba. Amma a watan jiya wata ɗalibata, wadda ba ta taɓa ganin Adda ba, ta shafe awa guda tana yi wa wani dattijo bayanin wani sabon gwaji, a ƙarshe ya ce bai yarda ba. Ta raka shi har ƙofa ta yi masa godiya, ta dawo ta faɗa mini ba tare da fargaba ba. A take na sa mata hannu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Adda.