Birkilan da ya miƙa diga

Inji ake ce masa a unguwa, kuma ya ci sunan. Birkila ne, tun yana saurayi yake ɗora bulo, lebura biyu ba sa isarsa da kwaɓi. In an yi rasuwa, shi ke fara isa maƙabarta da digarsa. Sai dai bakinsa ba linzami. Duk wanda ya ce ya gaji, sai ya ce masa, "Ciwon raggo ke nan, ba ya kisa, ba ya warkewa."

To, bayan wani zazzaɓi sai gajiya ta sauka masa, ta ƙi tafiya. Ya kwana ya tashi kamar an yi masa duka. Ya ɗora bulo kaɗan, sai jiri. An je asibiti, an auna jini, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Wannan ya fi ciwon ƙona masa rai, don da karaya ce, da ya nuna wa mutane ɗauri.

Likitar ta ce, "Baba, ba ƙarya kake ba. Jiki da zuciya tare suke ɗaukar kaya. Ka riƙa zama kana jan numfashi a hankali. Aiki kuma, ka tsaya tun kafin ka gaji."

Yakan kulle ɗaki ya yi numfashin, kada 'ya'yansa su gani. A wajen gini kuwa, cewa yake yi baya ne ya riƙe.

Ana nan sai maigidansa da ya koya masa sana'a ya rasu. Tsohon ya sha ce masa, "Kai za ka haƙa mini kabari, ka san ba na son karkataccen aiki." Inji ya shiga rami, ya yi sara kaɗan, sai jirin nan ya taso masa. Ya san in ya matsa, ɗaukarsa za a yi a gaban jama'a. Ya miƙa digar sama, ya fito ya zauna a kan ƙasar da aka tono.

Wani maƙwabcinsa ya ce, "Sannu, Malam. Bayan ne?"

"A'a," in ji shi, kansa a sunkuye. "Gajiya ce."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Samari suka ƙarasa haƙan. Gefe ɗaya ya ɗan karkace, idonsa na birkila ya gani sarai, amma kunya ta hana shi buɗe baki. Haka aka sa tsohon a ciki.